Asibitin tafi-da-gidanka a ƙauyukan Kebbi: tambayoyin da jama'a ke yi da amsoshinsu

Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma manufar hukuma ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. Amma mazaɓa ɗaya a Bagudo ko Danko/Wasagu tana iya ƙunsar garuruwan da sai an yi rabin yini kafin a kai gare su, wasu a tsallaken ruwa, wasu a bayan dutse, wasu kuma rugage ne da ke tashi da kaka. Saboda irin waɗannan wurare ake tura ma'aikatan lafiya su bi mutane har inda suke. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan ji a gindin bishiya, a zauren mai gari, ko daga bakin mata bayan maza sun watse.

Mene ne asibitin tafi-da-gidanka, kuma su wa ke zuwa?

Tawaga ce ta ma'aikatan lafiya da ke ɗauko kayan aiki daga asibitin mazaɓa ko na ƙaramar hukuma su zo su yini a garin da ba shi da asibiti kusa. Galibi za ka ga malamin asibiti mai duba marasa lafiya, da nas ko ungozomar asibiti, da mai yin allurar rigakafi, da mai rubutu a rajista, sai kuma ɗan gari ko 'yar gari da ke tara jama'a. Likita ba kasafai yake cikinsu ba, gara a san da haka tun farko. Wani lokaci mota ce ke kawo su, sau da yawa babura ne, a yankin Yauri da Ngaski da Shanga kuwa jirgin ruwa ne, don akwai tungayen da babu wata hanyar shigarsu sai ta kogin Kwara.

Wasu tawagogin na gwamnati ne kai tsaye, ƙarƙashin hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha. Wasu kuma ƙungiyoyi ne ke ɗaukar nauyinsu, amma ko su ɗin sai sun bi ta hannun ƙaramar hukuma da uban ƙasa kafin su sauka a gari.

Me suke iya yi a yini ɗaya?

Abin da ya fi yawa shi ne rigakafin yara, awon ciki, gwajin zazzaɓin cizon sauro da ba da maganinsa, auna yara don gano tamowa, maganin gudawa da na ciwon haƙarƙari, sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, gwajin hawan jini, wani lokaci har da na suga. Masu son tazarar haihuwa ana ganinsu a keɓe. Wanda ya daɗe yana tari ana iya karɓar majinarsa a kai gwaji.

Abin da ba sa iyawa ma yana da yawa: ba sa tiyata, ba sa ƙarin jini, ba sa kwantar da mara lafiya. Idan suka ga abin da ya fi ƙarfinsu, takarda za su rubuta su tura ka babban asibiti. Wannan takardar ba kora ba ce, kuma sau da yawa ita ce mafi amfanin abin da suka kawo garin a ranar.

Ana biyan kuɗi?

Rigakafin yara kyauta ne, katinsa ma kyauta ne. Maganin rigakafin zazzaɓi na damina kyauta ne, haka gidan sauron da ake rabawa, haka gwajin tarin fuka da maganinsa. Sauran magunguna kuwa ya danganta da wanda ya ɗauki nauyin fitar. Wani lokaci akwai su a jaka, wani lokaci a rubuta maka ka saya. Wanda aka nemi kuɗin allurar rigakafi a hannunsa ya kai magana wurin mai gari ko kwamitin ci gaban mazaɓa, su kuma su kai ta ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Yin shiru a kan naira ɗari biyu shi ke hana maƙwabciyarka da ba ta da ita fitowa a zuwa na gaba.

Kullum ɗigon shan inna kuke kawo mana, alhali zazzaɓi ne ke kashe mana yara. Me ya sa?

Wannan tambaya tana da gaskiya a cikinta, kuma duk ma'aikacin da ya yi fushi da mai yin ta bai fahimci aikinsa ba. Uwar da ta binne ɗanta da damina, ta ga ba wanda ya leƙo, sannan bayan wata biyu aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da ɗigon baki, dole ta tambaya. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya: kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada an samu ƙwayar cutar a jininsu, alhali a Legas bai kai kashi 3 ba. Wato kusan yaro ɗaya cikin biyu. Mai fadama da gonar shinkafa a bayan ɗakinsa ba ya buƙatar a karanta masa alƙaluma kafin ya yarda.

Game da shan inna, a watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa nau'insa na asali ya ƙare a Afirka, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Sai dai akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma jihohinmu na arewa maso yamma suna cikin inda ake ci gaba da samunsa. Yana shanye ƙafa kamar na farkon, kuma ba shi da magani idan ya kama. Shi ya sa ba a daina zagayen ba.

Amma ƙorafin jama'a bai faɗi ƙasa ba. Dalilin da ya sa tawaga ke zuwa yanzu da kayan gwajin zazzaɓi da awon ciki da sauran allurai tare ke nan. Kuma a watan Disamban 2024, da Najeriya ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da Kebbi da Bayelsa aka fara. A ganina gari yana da haƙƙin ya ce a kawo masa duka biyun, amma hana yaro ɗigon don a hukunta hukuma, yaron ne ke biya.

Yaya ake yin ita allurar zazzaɓin? Idan an yi ta, an rabu da gidan sauro?

Sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Tana rage kamuwa, tana kuma rage tsananin ciwon, amma ba ta toshe shi gaba ɗaya. Saboda haka gidan sauro yana nan daram, maganin damina ma yana nan. Ta wata 15 ita aka fi mantawa, ga shi kuwa ita ke sabunta ƙarfin ukun farko. Sa'a ɗaya, lokacinta ɗaya da allurar ƙyanda ta biyu, fita ɗaya ta wadatar.

Maganin da ake bi gida-gida da shi da damina fa?

Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ana ba da shi wata-wata a tsawon watannin da sauro ya fi yawa. Kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko mai rabawa ke bai wa yaro a gabansa, na kwana biyu da suka rage yakan bar su a hannun uwa. A nan ake samun ɓaraka: wata ta ajiye sauran ta ce sai ranar da jikinsa ya yi zafi, wata ta raba wa yayansa ɗan shekara bakwai. Ko ɗaya bai dace ba. Na kariya ne, ba na warkarwa ba, kuma rabin sa ba ya kare kowa. Yaron da aka tarar yana cikin zazzaɓi ba a ba shi, gwaji ake fara yi masa. Idan yana shan Septrin, ko ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan irin wannan magani, a faɗa wa mai rabawa.

Jikin ɗana da zafi, an gwada an ce ba maleriya ba ce, an hana ni maganinta. Wannan ba rowa ba ce?

Ba rowa ba ce. Zafin jiki yana zuwa daga ciwon kunne, daga maƙogwaro, daga ƙyanda, daga ciwon haƙarƙari. Idan aka ba shi maganin maleriya alhali huhunsa ne ya kamu, an ɓata kwana uku ciwon yana ci. Shi ya sa za ki ga malamin ya ɗaga rigar yaro yana kallon agogo: numfashi yake ƙirgawa. Jaririn wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin 40 ko fiye, alamar ciwon haƙarƙari ce, kuma maganinsa daban ne.

Idan kuwa gwajin ya nuna maleriya ce, maganin da aka fi bayarwa safe da yamma ake shan sa har kwana uku, sha shida ke nan. Yaro yakan warware a rana ta biyu ya fita wasa, amma a ƙarasa.

Mun ji ana cewa allurar nan tana hana haihuwa. Ku faɗa mana gaskiya.

Ba ta hanawa. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin shan inna shekaru ashirin da suka wuce su ne yau ke zuwa awo da goyo a baya da wani a ciki, kuma kowa yana ganinsu a garinsu.

Sai dai tsoron mutane ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara, wasu suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Wancan gwajin sabon magani ne, ba rigakafin da duniya ta daɗe tana amfani da shi ba, amma tabon ya zauna a zukata. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargi, aka dawo da shi a 2004 bayan bincike, kuma a tsakanin nan cutar ta yaɗu har ƙasashe da dama. Tun daga nan sarakuna suka shiga lamarin da kansu. Mai Martaba Sarkin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ya daɗe yana jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko. Duk maganin da aka kawo, kana da damar ka ce a nuna maka kwalbar, a faɗa maka sunansa da aikinsa. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan.

Haka zancen yake game da allurar kansar bakin mahaifa da aka fara a Najeriya a watan Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Sau ɗaya ake yi, kuma mahaifar take karewa.

Bayan allura yaro ya kwana yana kuka, cinyarsa ta kumbura. Mu sake kawo shi?

A sake kawo shi. Ɗan zazzaɓi da kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani, musamman bayan allurar cinya ta mako 6 da 10 da 14. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikaci ya faɗa, kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a kai shi ga wanzami a tsaga. Allurar hannu ta ranar haihuwa kuwa takan yi ɗan ƙurji bayan makonni ta bar tabo, haka take. Abin da ba a jira da shi shi ne jijjiga, wahalar numfashi, ko wurin ya tara ruwa. Wannan a nufi asibiti, a kuma sanar da waɗanda suka yi allurar, don ana bin diddigin irin haka.

Katin ya ɓace, ko kuma mun tsallake lokaci. Sai an faro daga farko?

Ba a farowa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. A zo da yaron ko da kati ko babu, ko da ya haura shekara bai taɓa karɓar ko ɗaya ba. Irin waɗannan yaran ma su tawagar ta fi nema. Sai dai a riƙe kati da kyau, a sa shi a leda a ajiye inda ruwan ɗaki da gara ba sa kaiwa. Ga makiyayi da masunci da ke sauya wuri, katin ne kaɗai zai gaya wa ma'aikacin Kamba abin da na Zuru ya riga ya yi.

Me ya sa sai sun ce a tara yara wuri ɗaya, kuma suna sauri su tafi kafin la'asar?

Saboda sanyi. Alluran rigakafi suna son zama tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi, kuma a akwatin ƙanƙara ake ɗauko su tun asuba. A watan Afrilu kowa ya san abin da rana ke yi a Kebbi. A jikin kwalba akwai ɗan tambari da ke sauya launi idan zafi ya taɓa maganin, idan ya sauya zubarwa ake yi. Wasu kuma, kamar ta ƙyanda da ta shawara da ta hannu ta jarirai, gari ne da ake haɗawa da ruwansa, kwalba ɗaya ta yara da yawa, kuma da an haɗa awa shida kawai take da shi. Wanda ya zo da hantsi ya taimaki kansa ya taimaki na bayansa.

Matata tana da ciki, lafiyarta lau, ta haihu sau biyar a gida. Me za ta je yi wurin awo?

Malam, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma abubuwan da ke kashe mai ciki yawanci ba sa sallama. Hawan jinin ciki yana iya kai mace ga jijjiga ba ta taɓa jin komai ba sai ɗan ciwon kai da kumburin ƙafa. Ƙarancin jini yana tafiya a hankali, sai ranar haihuwa ɗan jinin da za ta zubar ya fi ƙarfinta. Kuma mace da ta haihu sau biyar ko fiye ta fi mai haihuwar biyu haɗarin zubar jini bayan haihuwa, don mahaifa ta gaji. Yawan haihuwa lafiya a baya ba ya rage wannan.

A wurin awo za a auna jininta, a duba kwanciyar ɗa, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, a yi mata allurar da ke kare ta da jaririn daga ciwon sanƙarewar jiki da ke shiga ta cibiya. Daga wata na huɗu ana ba ta Fansida wata-wata, aƙalla sau uku kafin ta haihu, saboda maleriya kan ɓoye a mabiyiya ta hana ɗa girma. Akan ba ta man shafa wa cibiya, wanda ya kamata ya maye gurbin gashi da tsumma da toka da man goge baki. Mace ce ke duba mace, a cikin ɗaki ko bayan labule, kuma inda tawaga ta zo babu mace a cikinta, gari ya faɗa a gyara.

Abu mafi girma da awo ke yi shi ne ya sa a yi shiri: wa zai ɗauke ta idan naƙuda ta zo da dare, babur ɗin wa, jirgin wa, kuɗin mai yana hannun wa, kuma idan maigida yana kasuwar Jega ko ya tafi ci-rani, wa ya bar wa izinin a fita da ita. Mata da yawa sun rasu suna jiran izinin da mijin da kansa da yana nan da gudu zai bayar. A faɗi wannan izini tun ciki yana ƙarami, a gaban uwar miji da ungozoma.

Waɗanne alamu ne ba a jiran zuwan tawaga da su?

Ga mai ciki: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, fashewar faya ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, kuma wadda ta riga ta samu ta sani ana gyara shi, akwai cibiyarsa a Gesse cikin Birnin Kebbi. Ga yaro: ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko haƙarƙarinsa na faɗawa ciki in ya ja numfashi. Ga kowa: zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi, gudawa kamar ruwan shinkafa, saran maciji. A farkon 2025 sanƙarau ya yi ɓarna a Gwandu da Jega da Aliero, kuma ciwo ne da awoyi ke raba mai rai da mamaci. Waɗannan duka a kama hanya nan take, ko da an ce gobe ma'aikata za su zo. Mai gudawa a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya.

Wannan igiya mai launi da ake ɗaura wa yara a dantse, me take nunawa?

Tamowa take nunawa a yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka idan aka danna bayan ƙafafunsa biyu wurin ya lotsa. Irin wannan yaro ana tura shi inda ake ba da abincin gyaɗa na musamman da ke cikin leda. Magani ne, an ƙidaya shi daidai nauyinsa. Idan aka raba da 'yan uwansa ko aka kai kasuwa, shi ne zai koma inda ya fito. Na rawaya kuwa sau da yawa abin da ke cikin gida ya isa a tashe shi: kunun gero da aka haɗa da waken suya da gyaɗa, garin busasshen kifi, zogale, ƙwai idan akwai. Abin takaici ne a ga tamowa a gidan da ke sayar da kifi da ƙwai a kasuwa. Uwa ma tana iya koyon awon nan da kanta cikin 'yan mintoci, ta roƙi a koya mata.

Mu manya da tsofaffi fa, ko aikin na mata da yara ne kawai?

Ku zo. Hawan jini ya yi yawa a ƙauye fiye da yadda ake zato, kuma da yawa ba sa sani sai ɓarin jiki ya mutu. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, za a so a sake aunawa wata rana kafin a yanke hukunci, idan ya tabbata kuma maganinsa na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi. Nan ne tawagar da ke zuwa jefi-jefi ba ta wadatarwa, dole a haɗa ka da asibitin da za ka riƙa karɓa. Tarin da ya kai mako biyu a ba da majina. Maganin tarin fuka wata shida ne kuma ana warkewa. Masunta da yaran da ke wanka a gulbi, fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, tsargiya ce, kuma tana da magani.

Mu ba 'yan garin ba ne. Gudun hijira ya kawo mu, wasunmu kuma daga ruga ko daga tsallaken iyaka.

Ba a tambayar takardar zama ɗan gari kafin a yi wa yaro allura ko a auna mai ciki. Waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba ko daga Zamfara, suka raɓa a gidajen 'yan uwa, su suka fi kowa buƙata, don yawanci rigakafin yaransu ya yanke kuma cunkoso ne abincin ƙyanda. Mai masauki ya sanar da mai unguwa yawan baƙinsa don a zo da abin da zai isa. Ardo ya aiko da labarin inda ruga ta sauka da lokacin da za ta tashi. Wanda Hausa ba ta zauna masa ba, Bazabarme ne ko Bafulatani ko Badakkare ko Bakambare, ya zo da wanda ya yarda da shi ya yi masa tafinta, don kuskuren jin yadda ake shan magani ba ƙaramin abu ba ne.

Sun zo sau ɗaya, mun yi murna, ba mu sake ganinsu ba. Ina amfanin haka?

Amfaninsa kaɗan ne, kuma wannan ita ce babbar matsalar aikin. Allurar cinya sau uku ce, tsakaninsu mako huɗu-huɗu. Awon ciki ana son a yi ta maimaita shi har haihuwa. Mai hawan jini yana buƙatar magani wata mai zuwa. Zuwa ɗaya da rumfa da ɗaukar hoto yana iya taimakon wanda ya dace da ranar, amma ba ya kammala wa yaro ko ɗaya rigakafinsa. Tawagar mutum uku a kan babura biyu da ke dawowa kowane wata ta fi ayarin motoci da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Dalilan yankewar sanannu ne: kuɗin mai, ƙarancin ma'aikata, ambaliyar Agusta da Satumba da ke raba garuruwan fadama da hanya, da kuma tsaro, don ba wanda zai tura ma'aikaci inda ba a da tabbacin dawowarsa. Amma akwai kuɗin da doka ta tanada. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya matakin farko, kuma wani kaso yana zuwa asusun asibitocin mazaɓu da aka zaɓa, fita ƙauyuka tana cikin abin da ake yi da shi. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da bakin magana a kan yadda ake kashe shi. Saboda haka kafin tawaga ta tashi, a tambaye su a gaban mai gari: yaushe za ku dawo? A rubuta ranar, idan ta wuce a bi sawu.

Yaya za mu yi a sa garinmu cikin waɗanda ake zuwa?

A fara da ƙidaya. Mai gari da liman da ungozoma su zauna su rubuta gidaje nawa ne, yara 'yan ƙasa da shekara biyu nawa, masu ciki nawa, tafiyar awa nawa ce zuwa asibiti mafi kusa da rani, nawa ce da damina. A kai takardar ga shugaban asibitin mazaɓa, a ba kwamitin mazaɓa da uban ƙasa kwafi, domin da irin wannan lissafin ake tsara jadawalin fita da yawan allurar da za a ɗauko. Tunga ko rugar da ba ta cikin jerin sunayen da ke bangon asibiti, ba za a tuna da ita ranar rabo ba.

A zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, da damina kuma a duba lokacin da mata ke dawowa daga gona. A tanadi inuwa, tabarmi, ruwan wanke hannu, da ɗaki mai ƙofa don awon ciki. Mai shela ya zaga tun jajibiri, liman ya faɗa bayan sallar asuba. Inda sai an tsallaka ruwa, Sarkin ruwa ya ba da jirgi mai lafiya da matuƙin da ya san hanya, kada a cika shi da kaya, a kuma nemi rigunan kariya. Mutanen Ngaski ba su manta da hatsarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 ba. Sannan gari ya fitar da mace ɗaya ko biyu masu natsuwa da za su riƙe sunayen yaran da saura allura da matan da watansu ya kusa, su riƙe lambar wayar shugaban asibitin, su kira shi kwana biyu kafin ranar da aka sa.